Yadda Motar Asibitinmu Ta Zama Motar Gawa

Shekaru sun ja, kuma a lokacin ban rubuta komai ba, saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri in na ɗauki abin wata shekara na sa a wata. Akwai abin da na gani da idona, akwai wanda aka yi ta faɗa mini har na ɗauka ni na gani. Zan yi ƙoƙarin raba su. Maganganun da zan kawo, wasu da yarenmu aka yi su na mayar da su Hausa, wasu kuma da irin Hausarmu ta kudu, wadda ba ta cika damuwa da mace ko namiji ba. Waɗannan na bar su yadda kunnena ya riƙe.

Na gama jami'a 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, aka tura ni koyarwa a wata sakandare a Kafanchan. Ɗakin da na kama haya yana kallon wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi sunansa ba, balle na hukumar da ke riƙe da shi. Asibitin yana da mota guda ta ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka, farar Landiroba mai jan gicciye a ƙofofinta. Ma'aikata suna ce mata ambulan, sauran jama'a kuwa motar asibiti. Direbanta tsohon soja ne, gajere, mai jan ido, ya iya tuƙi ƙwarai, bakinsa kuma kamar reza. Tun ranar da ya ji na yi jami'a ya daina ce mini malam, sai Digiri, in ya faɗa kuma ya ja shi kamar mai kiran akuya.

A shekaruna na farko a wurin, motar nan ba ta san hutu ba, musamman da bazara. Ƙyanda ce ke fara kwasar yara, in zafi ya tsananta sanƙarau ya biyo baya, shi kuma ba ruwansa da yaro ko babba. Babu waya a ƙauyuka. Mutum ne zai hau keke ya iso asibiti jiƙe da gumi, ya tarar da wasu masu keken sun riga shi, kowa na rantsuwa nasa ya fi kusa da mutuwa. An ce a wasu garuruwan mata kan kwanta a tsakiyar hanya don motar ta tsaya. Wannan ban gani ba. Abin da na gani shi ne yadda ake sauke su: yara da ƙuraje, idanu a liƙe, manya da wuya a sandare, an jera su a bayan mota kamar doya. Ƙanwata, wadda take aure a wani ƙauye a gefen hanyar Gwantu, ita ma ta taɓa zuwa a cikin motar da 'yarta ta fari a cinya. Yarinyar ta rayu. Ƙanwata ta kawo wa direban kaza, ta durƙusa ta yi masa godiya.

Sai allurar rigakafi ta zo gadan-gadan. Lambar agana an yi ta tun kafin in zo garin, ta ƙyanda ma an taɓa yi, amma a tsakiyar shekarun saba'in ɗin ne, in ban yi kuskure ba, aka dage aka bi gari-gari. A yi sanarwa a majami'u da kasuwanni, a tara mutane a filin firamare. Masu allurar suna da wata na'ura da muke kira bindiga, mutum ya taka ta da ƙafa ya ɗora bakinta a dantsen yaro, kafin yaron ya buɗe baki ya yi kuka an wuce kan na bayansa. Daga baya aka kawo ta sanƙarau, ita har da manya. Ni ba likita ba ne, kuma na san cuta takan yi sauƙi wata shekara don kanta, saboda haka ba zan rantse cewa allurar ce kaɗai ba. Amma bazara ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, masu keke suka yi ta raguwa. Motar ta koma zaman gindin mangwaro, kaji na hutawa a ƙarƙashinta.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da direban kwance a kan murfin inji.

"Digiri! Ku masu ilimi kun kashe mini kasuwa."

"Wace kasuwa, Saja?"

"Yara sun ƙi ciwo. Da, kafin in sha koko na yi lodi. Yanzu ga ni ina gadin kaji."

Na ce ai abin godiya ne. Ya ce in je in gaya wa agogon mil.

Babban ma'aikacin asibitin ne ya fayyace mini maganar. Disfensa ne, amma kowa dokta yake ce masa. Ya ce hukumar ba ta tambayar wa mota ta ɗauko. Duk ƙarshen wata wani jami'i yakan zo ya leƙa agogon da ke ƙirga mil a gaban direba. Motar da agogonta ya yi tafiya ita ake bukata, a ba ta mai da taya. Wadda ta zauna a ɗauke ta, direbanta kuma ya san inda dare ya yi masa. Disfensan ba mugun mutum ba ne, a iya sanina. Tsoronsa kada a raba asibitin da motar, ranar bukata a rasa. Dalili kawai yake nema da zai sa tayoyi su juya.

Dalilin ya zo ta jirgin ƙasa. Mutanenmu ba sa yarda a binne nasu a baƙon wuri. Wanda ya mutu a Legas ko Kaduna ko Inugu, soja ne ko akawu ko ma'aikacin reluwe, sai an sa shi a akwati an kawo shi ya kwanta kusa da kakanninsa. Kafanchan kuwa mahaɗar jirage ce, a nan ake sauke su. Daga tasha zuwa ƙauye ne wahalar take, don masu motocin kasuwa ba sa son ɗaukar gawa. Ban san wanda ya fara roƙon aron motar asibiti ba. An dai ba shi, na biyu ya zo ba a iya hana shi ba. Ƙauyukan matattu suna da nisa, har wajen Kagarko an je. Agogon mil ya farfaɗo, jami'in ƙarshen wata ya yaba, direban ya yi ƙiba, don gidan makoki ba a rasa nama da burkutu.

Ba a jima ba suna ya canza, ta zama motar gawa. Yaran da suka saba bin ta da gudu, yanzu in sun hango ta sai su shige gida. Direban da kansa ya ba ni labarin ranar da ya je ɗauko wani da maciji ya sara, tun bai kashe inji ba matan ƙauyen suka ɗora hannu a ka suka fasa kuka, kowace na tambayar ɗan wa aka kawo. Yana faɗa yana dariya har da hawaye.

A nan dole in faɗi wata al'ada, don wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A ƙauyen mijin ƙanwata da na kusa da su, duk abin da ya ɗauki gawa ya zama nata. Makarar gwangwala a bakin kabari ake karya ta a bari, tabarmar a binne tare. Mai ciki ba ta taɓa irin waɗannan, ba ta tsallake su, don an ce mamacin zai ja abin da ke cikinta. In ya zama dole a sake amfani da abu, sai tsohon gidan ya wanke shi da wani ganye da giya da jinin zakara. Shigowar bisharar Kirista ba ta kashe tsoron ba. Wankin kawai ta hana.

Lokacin girbin acca ne, ina jin. Da hantsi ina cikin aji aka ce ana nemana. Wani maƙwabcin su ƙanwata ne, da keke. Ya ce ta daɗe tana naƙuda, ungozoma ta yi iyakar yinta, yanzu hannun jaririn ne ya fito maimakon kai. Da na faɗa wa disfensan sai fuskarsa ta canza. Ya ce wannan sai an yi mata aiki a babban asibiti, kuma yau. Ya ce motar tana da alkawari: jirgin rana zai kawo gawar wani babban ma'aikacin gwamnati, za a kai shi wani gari gaba da Gwantu. In mun yi sauri za mu dawo kafin jirgi.

"Ka ji ko, Digiri," in ji direban yana tada mota. "Mai rai da safe, matacce da rana. Kada mutanenka su ɓata mini lokaci."

Daga babbar hanya zuwa ƙauyen akwai 'yar tafiya a kan burtali mai duwatsu. Muna shiga gari kuka ya tashi, sai da muka tsaya a ƙofar gidan aka ga bayan mota wayam kafin a yi shiru.

Uwar mijin ce ta fito. Tsohuwa ce doguwa, ta yi baftisma da tsufanta, takan je sujada amma ba ta bar komai na da ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da ƙanwata take, ta dube ni, ta dubi motar.

"Wa ya ce ka kawo wannan abu gidana?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Mama, asibiti za mu kai ta. Dokta ya ce in ba a yi mata aiki yau ba, ba za ta kai ba."

"A cikin wancan? A cikinsa aka kawo ɗan gidan maƙera yana wari. Jikana ba zai kwanta a shimfiɗar matattu ba tun bai ga rana ba."

Na ce ana wanke motar da sabulu da maganin asibiti. Ta ce sabulu datti yake fitarwa. Amma ba ta ƙi duka ba. Ta ce a kira tsohon gidan, a kamo zakara, in an wanke motar yadda ake yi, ita da kanta za ta riƙe kan surukarta har asibiti. Ni dai na ce a yi, don abu ne da ba zai kai tafasar ruwa ba. Har an aika a kama zakaran.

Sai mai bisharar ƙauyen ya shigo da littafinsa a hammata. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, kuma ya sha faɗa da tsofaffin garin a kan giya da tsafi. Ya ce duk wanda ya bari aka zub da jinin zakara a gidan mai bin Yesu, za a sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya a majami'a, ba shi ba cin gurasar Jibin Ubangiji. Ya faɗi haka yana kallon mijin ƙanwata, wanda shi ne shugaban mawaƙa, kuma kowa ya san ana shirin zaɓensa dattijon ikilisiya.

"A ɗauke ta a sa ta cikin bangaskiya," in ji mai bishara. "Jinin Yesu ya isa."

"Kai ka taɓa haihuwa?" tsohuwa ta ce. "Bangaskiyarka tana da mahaifa?"

"Mama, ke fa kin yi baftisma."

"Ni kuka tsoma a rafi, ba motar ba."

Direban yana jingine da ƙofar mota yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Ku yanka zakaran ku ba ni. Motan ba ya cin nama, ni ina ci. Fasto ya yi addu'a a kan romo, kowa ya samu nasa." Wasu suka yi dariya. Daga cikin ɗaki ana jin nishin ƙanwata, wani sauti ƙasa-ƙasa kamar na saniyar da aka ɗaure.

Na ja mijin gefe na ce, "Matarka ce. Ka zaɓi ɗaya, ko wanne, ni duk na yarda." Ya dubi uwarsa, ya dubi mai bishara, ya ce, "Yaya, a bari mu ga abin da Allah zai yi." Na nufi ɗakin in ɗauko ta da kaina, 'yan'uwansa maza suka tare ni. Babbansu ya sa hannu a ƙirjina, ba da ƙarfi ba. Ya ce namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, kuma tun ranar da muka karɓi awakinsu na sadaki ƙanwata ta tashi daga tamu. "Digirinka a Kafanchan yake aiki," ya ce. "Nan gidan ubanmu ne."

Inuwa ta gajarta har ta koma ƙarƙashin ƙafa ana abu ɗaya. A ƙarshe wani ya kawo shawarar da ba ta ɓata wa kowa rai ba: a ɗauke ta a gadon gwangwala zuwa babbar hanya, a tare motar kasuwa. Ba zakara, ba motar gawa. Tsohuwa ta yarda, mai bishara ya ce amin. Na roƙi direban ya biyo mu, da tunanin in mun fita daga idon gari wataƙila a sauko a yarda a sa ta.

Haka muka bi burtalin. Maza na ɗauke da gado a kafaɗa, an lulluɓe ta da zane saboda rana, tsohuwa da ungozoma na riƙe da ƙafafun gadon, farar mota na rarrafe a bayanmu ba kowa ciki sai direba. Masu yankan acca suka ɗago suka ga gado a lulluɓe da motar da suka sani. Me za su ɗauka? Mata suka yar da lauje suka taho da gudu suna kiran sunanta, wayyo yarinya mai kirki, wayyo ta tafi da ciki. Ƙanwata tana jin su. Na ga ta ɗaga zanen da hannu ɗaya don su ga fuskarta. Na kusa suka ja da baya a tsorace, na nesa suka ci gaba da kukansu. Direban ya riƙa danna hon yana bin kukan kamar mai kiɗa.

A bakin babbar hanya akwai wata ɗorawa, a nan aka sauke gadon. Ba ranar kasuwa ba ce, hanyar shiru. Da mijin ya ga fuskarta a fili, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, sai ya karaya. Ya ce, "A sa ta. Ko me zai faru, a sa ta." Direban ya buɗe bayan mota. Tsohuwa ta kama nononta ta ɗaga wa ɗanta, ta ce in ya yi haka kada ya zo kabarinta. Duk da haka ina jin da an sa ta, don maza sun riga sun kama gadon. Ƙanwata ce da kanta ta hana. Ta ga ƙofofin a buɗe, ta ga wurin da ake ɗora akwati, ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Yaya, ban mutu ba tukuna. Kada ka bari."

"Asibiti ne kawai. Kin manta ita ta kai ki da 'yarki?"

"Wancan motan asibiti ne. Wannan ba shi ba ne."

Na ce ita ce, mota ɗaya ce, ga gicciyen. Na yi mata da yarenmu, na yi da Hausa, na roƙe ta da sunan mahaifiyarmu. Ta rufe ido tana girgiza kai. Da suka gwada ɗaga gadon ta yi wata ƙara, suka sake shi.

Direban ya dubi rana, ya rufe ƙofofin. "Digiri, na yi maka ƙoƙari. Wanda ke jirana a tasha ba ya gardama." Ya ja ya nufi Kafanchan.

Muka zauna. Wata babbar mota ta zo daga wajen Gwantu da lodin doya, ko citta, na tsaya a tsakiyar hanya har ta tsaya. Direbanta ya sauko ya ga jinin da ya jiƙa zanen, ya koma ya hau. Ya ce in ta cika a motarsa, shi da 'yan sanda ne. Ya yi mana sannu ya wuce.

Can da la'asar farar motar ta dawo daga tasha da akwati a ciki, ganye a saƙale a gabanta, ƙananan motoci na biye, cike da masu anko suna rera waƙar majami'a. Na ɗaga hannu biyu ina ihu ko ɗaya daga cikin ƙananan za ta tsaya. Amma ayarin gawa ba ya tsayawa a hanya sai ya kai gida, kuma ina jin sun ɗauka gaisuwa muke yi wa mamacin. Wata mata mai babban ɗankwali ta kaɗa mana hankici.

"Ka gani?" tsohuwa ta ce wa ɗanta. "A nan ka so ka kwantar da ita."

Ƙanwata ta daina nishi tun kafin rana ta yi ja. Ta nemi ruwa aka ba ta, ta yi maganar accar da ta shanya a kan dutse, kada kaji su shiga. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Mai bishara yana tsakiyar addu'a ungozoma ta taɓa shi ta ce ya isa.

Tsohuwa ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta juyo gare ni a gaban kowa ta ce ni na kashe ta. Ta ce yarinya tana fama, da ta haihu kamar kowa, sai na kawo motar gawa har ƙofar ɗakinta, na sa ta bi ta a baya kamar kura. An nuna wa mutuwa hanya, me zai hana ta shiga? Mutanen da suka taru suna gyaɗa kai. Mai bishara ya ce ba haka ba ne, rashin bangaskiyar gidan ne. Suka buɗe sabuwar gardama a kan gawar.

Suna cikin haka motar ta dawo wayam. Wasu daga baya sun ce direban ya leƙo ya ce yanzu ai sai ta shiga. Zai iya faɗa, halinsa ne. Amma ni abin da na tuna, saukowa kawai ya yi, ya cire hula ya buɗe baya. Ba wanda ya nemi zakara, ba wanda ya ambaci horo. Aka ɗaga ta da gadon aka tura ciki. Tsohuwa ta ce ƙafafunta sun gaji, ta shiga gaba kusa da direba. Ni da mijin muka zauna a baya muna riƙe gadon kada ya zame a kan duwatsu. Da muka shiga gari, matan da suka yi kuka da rana muryarsu ta dushe, sai da suka sha ruwa kafin su sake farawa.

Washegari aka binne ta. A shekarar da ta biyo aka zaɓi mijin dattijo, bai daɗe ba ya sake aure. Maganar tsohuwa ce ta zauna a yankin, cewa motar ta bi mace mai rai har ta ɗauke ta. Bayan wannan, a iya sanina, ba wanda ya sake hawa keke daga ƙauyukan gefen nan ya nemi motar don mai rai. Disfensan ya ce masu saran maciji da masu naƙuda a goye ko a kan keke suke isowa, waɗanda suka iso ɗin.

Daga baya aka yi wani taro a gari don yaba aikin rigakafi, aka kai ɗalibanmu su cika benci. Wani babban jami'in lafiya ya ce babbar shaidar nasara ita ce motar asibitin nan, wadda a da ba ta hutawa, yanzu da wuya ta ɗauko marar lafiya. Aka yi tafi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Yara sun daina zuwa da idanu a liƙe, kuma wannan alheri ne da ba zan rage masa komai ba. Sai dai a ganina raguwar iri biyu ce aka haɗa aka tafa musu tare. Akwai waɗanda ba su kira motar ba don ba su kamu ba, akwai waɗanda ba su kira ta ba don sun gwammace su mutu a bakin hanya. Wanne ya fi yawa ban sani ba, kuma ban ga wanda ya tambaya ba. Bayan taron hukumar ta yanke cewa asibitin ba ya bukatar ambulan. Aka shafe gicciyen da farin fenti, aka bar motar wa masu makoki, direban ya ci gaba da aikinsa.

Abin da na iya tunawa ke nan. Uwar mijin da disfensan sun rasu, direban ban san inda ya ƙare ba. Amma mutane da yawa sun tsaya a gindin ɗorawar nan, wasu kuma suna cikin ƙananan motocin da suka wuce. Wanda yake da rai a cikinsu, in ya ga na sa magana a bakin da ba daga shi ta fito ba, ko na yi wa mai bishara ko tsohuwar rashin adalci, ko na rikita wace allura ta riga wace, ina roƙonsa ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan, zan karɓa da godiya. Musamman ina so in ji daga mazan da suka kama gadon a bakin hanya: ƙarar da ta yi ce ta sa suka sake shi, kamar yadda na rubuta, ko wani ne ya ce su sake? A nan na fi shakka, kuma nan na fi bukatar sani.